Muryar Tela a Wayar Makaranta

A makarantarmu babu mai kiranta da sunanta. Yara suna ce mata Anti Waya, iyaye ma haka, har shugaban makaranta idan yana nemanta sai ya leƙo daga ofishinsa ya ce, "Ina Anti Wayar ta shiga?" Ni malamar aji huɗu ce, kuma a teburinta nake shan shayin safe tun shekarar da na fara koyarwa. Abin da zan faɗa a kanta, wani na gani da idona, wani ita ta gaya mini.

Ofishinta ɗan ƙaramin ɗaki ne a bakin ƙofar shiga, da taga mai ƙarafa da ke kallon get. A sama akwai fanka mai ƙara kamar tsoho yana gyaran murya. A kusurwa akwai kwalin da ake tara kayan da yara suka yar, gorar ruwa, safa guda guda, akwatin abinci da ba a son buɗewa. Wayar makaranta kuwa kullum tana hannunta, tsohuwa ce, fuskarta ta tsage a gefe, an ɗaure bayanta da roba. Duk saƙon da zai fita zuwa ga iyaye ta nan yake bi, duk wanda zai shigo ma haka.

Kafin ta zo wurinmu ta yi shekaru a shagon buga waya na mijinta, a zamanin da ba kowa ke da waya a aljihu ba. Mutane su shigo su kira 'yan'uwansu, ita kuma ta juya musu baya kamar ba ta ji, alhali ta ji haihuwa, ta ji saki, ta ji mutuwa, duk a tsaye. Da mijin ya rasu, kowa kuma ya sayi tasa wayar, shagon ya mutu. Ba ta taɓa haihuwa ba, 'yar ƙanenta ta riƙe har ta aurar da ita. An ɗauke ta a makaranta don buga takardu, amma da aka ga yadda take lallaɓa uban da ya kira yana kumfar baki har ya koma yana ba ta haƙuri, sai aka miƙa mata wayar, ba a sake karɓa ba.

Idonta ya yi rauni, ba ta son karanta rubutu, don haka ta koya wa iyaye su riƙa aiko saƙon murya. Sai ta kunna, ta ajiye wayar a kan tebur, ta ci gaba da abin da take yi. Kowane uba da kowace uwa akwai sunan da ta sa musu a ɓoye. Akwai Baban Gobe, wanda duk abin da aka ce ya zo sai ya ce gobe. Akwai Maman Ba Ɗana Ba, wadda ko an kama ɗanta da alli a baki sai ta ce wani ne ya sa masa. Sai kuma Tela, wadda ita sana'arta ce ta zama sunanta.

Tela ce uwar da Anti ta fi so. Ba ta cika zuwa makaranta ba, aiki ya riƙe ta a gida, amma kusan kullum sai ta aiko saƙo, kuma kafin ta ce uffan sai ta fara dariya, kamar ta tuna wani abu a hanyar ɗaukar wayar. 'Ya'yanta biyu ne a wurinmu. Babbar tana ajina, ita ce monita, har sunan ya bi ta ya zama nata: Monita. Yarinya ce mai tsare gira, idan ta ce a yi shiru ajin ya fi jin maganarta a kan tawa. Ƙanenta yana aji ɗaya, ana ce masa Sarkin Barci. Babansu direban babbar mota ne, yana iya yin wata bai kwana a gida ba. Lokacin da muka tafi hutun zango na biyu, Tela tana da tsohon ciki, ta kuma yi alkawarin ita za ta ɗinka wa ajina kayan wasan kwaikwayo na ranar raba kyaututtuka.

Muka dawo zangon ƙarshe cikin zafi. Wanda ya koyar ya san wannan zangon. Yara suna narkewa a kan benci bayan tara, famfo ya zama wurin faɗa, ga jarrabawa a gaba, ga atisayen wasanni a fili, ga saƙonni kamar ruwa: a sa wa yara hula, a ƙara musu ruwan sha, a zo taron iyaye, a dawo da littattafan laburare. Anti tana tura sanarwa da safe, kafin ta gama kofin shayi amsoshi sun fara shigowa.

Wata safiya ina zaune a wurinta ta kunna saƙon Tela. Dariyar nan ta fara zuwa, sannan muryar: "Anti, ina kwana. Don Allah a ce wa malamarsa kada a bari ya cire rigar sanyinsa, kin san shi da mura."

Muka kalli juna. Fanka tana ta juyawa a kanmu, gumi yana bin wuyana.

"Rigar sanyi," in ji Anti. "Ciki kenan. Yana sa mace ta ji sanyi a cikin tanda."

Muka yi dariya, muka wuce wurin. Na dai leƙa aji ɗaya da na fita, Sarkin Barci yana kife a kan teburinsa, babu wata rigar sanyi a jikinsa.

Bayan kwanaki Anti ta tura mata tambaya a kan kayan wasan, ko za a aiko mata da yadin. Amsar ta zo washegari da sassafe. Dariya, sannan: "To Anti, ba komai, na gode, Allah ya bar zumunci." Ba ta ce a aiko ba, ba ta ce kada a aiko ba. Anti ta sake tambaya, ta ƙara da cewa, "Wai har yanzu ba ki sauka ba? Ko kin sauka kin ɓoye mana?" Amsar da ta zo ita ce Tela tana cewa yaron cikin ya hana ta barci, sai harbi yake kamar ɗan ƙwallo. Anti ta yi ɗan lissafi da yatsu, ta taɓe baki, ta ce wannan cikin ya fi zangon karatu tsawo.

Ni kuma a aji na fara lura da Monita. Kayanta tsaf kamar kullum, a goge, amma kitson kanta ya tsufa har ya fara tashi, ba a sake ba. Wata rana maɓallin rigar ƙanenta ya cire, washegari ya zo an mayar da shi da baƙin zare a kan farar riga, ɗinkin manya manya, a karkace. Na tambaye ta ya jikin Mama, ta ce da sauƙi, tana gaishe ki. Na ce yaushe za a haifa mana ƙani, ta kalle ni ido cikin ido ta ce, "Saura kaɗan, Malama." Daga nan ta juya ta daka wa wasu yara tsawa su koma wurin zamansu.

Ranar da abin ya fara damun Anti da gaske, rana ce ta atisaye, duk makarantar ta fita fili, baranda babu kowa. Ta ce bari kawai ta kira Tela, a gama maganar yadin nan. Ni na shigo neman maganin ciwon kai na same ta riƙe da wayar nesa da kunnenta. Ta yi mini alama in zo, ta danna ta ƙara murya.

An ɗauka. Babu wanda ya yi magana. Abin da ake ji kawai ƙarar keken ɗinki ne, irin na ƙafa, yana tafiya ba tsayawa.

"Salamu alaikum," in ji Anti. "Maman Monita? Ni ce, daga makaranta."

Keken ya tsaya. Muka ji numfashi, kusa sosai, kamar bakin mutum yana manne da wayar. Numfashin yana shiga yana fita a hankali. Daga fili muna jiyo usur ɗin malamin wasanni da ihun yara, amma a cikin ɗakin nan sai na ji kamar an rufe mu a kwalba. Anti ta sake yin sallama. Can sai keken ya ci gaba. Ba a kashe wayar ba, Anti ce ta gaji ta kashe.

"Wataƙila ta ɗauka da gwiwar hannu ba ta sani ba," na ce.

Anti ta ajiye wayar a kan tebur. Sannan ta ce, "Na zauna kusa da tela shekara da shekaru a kasuwa. Mai ɗinki yana tsayawa. Ya juya yadi, ya yanke zare, ya gyara. Wannan ba ta tsaya ba sai da na yi magana."

Washegari da safe saƙo ya shigo, da dariyarsa: "To Anti, ba komai, na gode, Allah ya bar zumunci."

Da aka tashi ranar, ta ce in tsaya. Makaranta bayan an tashi wani wuri ne dabam. Kujeru a kife a kan tebura, ƙofar banɗaki tana bugawa ita kaɗai, rana ta miƙe a kan siminti har ido ba ya iya kallo. Anti ta sa tabarau, abin da ba ta so, ta ja yatsa a kan wayar ta koma baya can cikin zangon sanyi. Ta kunna wani tsohon saƙo. Dariya, "To Anti, ba komai," sai can a baya wani murfin tukunya ya faɗi ƙasa ya yi ta juyawa kafin ya kwanta. Ta dawo kan na safiyar nan ta kunna. Dariya, "To Anti, ba komai," murfin tukunyar ya faɗi, ya yi ta juyawa, ya kwanta. Ta kunna na makon jiya. Murfin ya sake faɗuwa.

Ta nemo na rigar sanyi, ta same shi a tsakiyar watannin sanyi. Ta nemo na harbin ciki, yana nan kafin hutu. Tun da muka dawo, babu kalma ɗaya sabuwa da ta fito daga bakin matar nan. Tsofaffin ne ake ta dawo mana da su, ana zaɓar wanda ya fi kusa da tambayar.

Na faɗi abin da yake raina: "Anti, ko dai ta rasu?"

"To wa ke taka keken?" ta ce.

Ba mu so mu tsorata Monita, don haka da safe Anti ta kira ƙaramin, ta ce ya zo ya duba kwalin kayan da aka yar ko gorarsa tana ciki. Ya durƙusa yana tono, ita kuma tana yi masa hira kamar ba komai. Ta ce ya Mama, ya ce tana nan. Ta ce me ta ce maka yau da za ka fito? Ya ɗago da safa a hannu, ya yi tunani, ya ce, "Mama ba ta magana yanzu. Maganarta tana cikin waya." Ya ce idan ya yi kuka Yaya tana kunna masa ita ya ji, har ya yi barci. Sai kuma ya tuna, ya rufe baki da safar, ya ce Yaya ta ce kada a faɗa.

Muka shiga wurin shugaban makaranta. Ya saurara har ƙarshe, ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur. Ya ce kada a kira kowa tukuna, mu raka yaran gida yau da kanmu, mu ga abin da ke nan, shi kuma zai nemo lambar uban.

Da aka kaɗa ƙararrawa Monita ta same mu a get, Anti da jakarta da lemarta. Da ta gane abin da ake nufi, ban taɓa ganin fuskar yaro ta canza haka ba. Ta ce Mama ta tafi asibiti. Anti ta ce za mu jira ta. Ta ce Mama tana barci da rana, ba ta son a tashe ta. Anti ta ce ba za mu tashe ta ba. Ta ce gidan da nisa, ga ciwon ƙafar Anti. Anti ta ce, "'Yata, ƙafar nan ta fi ki sanin hanya. Mu je." Yarinyar ta riƙe hannun ƙanenta ta shige gaba, ba ta waiwayo ba har muka isa.

Gidan bene ne na haya, da shagon kayan masarufi a ƙasa. Tun daga matakala muka fara jin keken. Wata maƙwabciya tana shanya a baranda, ta amsa gaisuwarmu da fara'a. Muka ce wurin Tela muka zo. Ta ce, "Ai tana ciki, baiwar Allah. Tun da abin nan ya faru ta rufe ƙofa ta kama aiki. Safe da yamma muna jin kekenta. Ni ma na ce gara haka, aiki yana rage tunani." Anti ta ce wane abu? Matar ta dube mu, ta dubi yaran, ta rage murya. Ta ce ai jaririn bai zo da rai ba, tun cikin hutu.

Monita ta ciro makulli daga igiyar da ke wuyanta. Daga waje ta kulle ƙofar da safe.

Falon duhu, labule a sauke, iska a tsaye. Komai a share, kwanuka a wanke a kife, takalman yara a jere. A kan kujera an ninke kayan jarirai, ƙananan riguna da huluna, an ɗora su bisa juna kamar a shago. Keken yana jikin bango, Tela tana zaune a gabansa, ta ba mu baya. Sau biyu ko uku na taɓa ganinta, mace mai jiki, amma wadda ke zaune a nan kafaɗunta sun fito ta cikin riga. Ƙafafunta suna ta taka feda. Na matsa kusa na duba. Babu yadi a ƙarƙashin allurar, babu zare a sama. Allurar tana hawa tana sauka a kan ƙarfe, hannayenta biyu suna tura wani abu da babu shi, suna gyara masa zama. Wayar tana gefen keken, da kofin shayi da yankan burodi da aka ci rabi.

Anti ta yi sallama. Ƙafafun suka tsaya. Ba ta juyo ba. Da shirun ya yi tsawo sai suka ci gaba.

Monita ta tsaya a tsakiyar falon da jakar makaranta a bayanta, ta fara bayani da muryar da take kawo mini rahoton aji. Ta ce da aka dawo daga asibiti Mama tana magana kaɗan kaɗan, Baba ya zauna har ya ga ta fara cin abinci, sannan ya koma hanya. Bayan tafiyarsa maganar ta riƙa raguwa, wata safiya ta ƙare. Idan an sa mata kofi a hannu tana sha. Tana zuwa banɗaki da kanta. Mai shago yana ba su kaya, Baba ne ya ce a riƙa ba su. Ita take dafa taliya, ita take guga. Masu kawo ɗinki ta ce musu aiki ya yi yawa. Idan Baba ya kira, sai ta ce Mama tana wanka, daga baya ta tura masa ɗaya daga cikin saƙonnin da Mama ta taɓa yi masa.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?" na tambaye ta.

"Za a tafi da ita inda ake ɗaure mutane," ta ce. "Mu kuma a raba mu. Kuma ta kusa warkewa, jiya ta kalle ni."

Anti ta jawo kujerar roba ta zauna a gefen keken. Ni na buɗe labule ɗaya. Sarkin Barci, da ya ga baƙi a gidansu an rasa mai yi musu maraba, sai ya ga ya kamata ya taimaka. Ya lallaɓa ya ɗauki wayar, ya san inda ake dannawa. Kafin yayarsa ta kai gare shi, dariyar ta cika falon. "Anti, ina kwana," in ji wayar, da ƙarfi, da walwala.

Keken ya tsaya. Wannan karon Tela ta juyo, a hankali, duk jikinta gaba ɗaya. Idanunta sun faɗa ciki. Ta kalli wayar a hannun ɗanta har saƙon ya ƙare. Leɓɓanta suka motsa, muryar da ta fito a bushe take, ƙasa ƙasa, ba ta yi kama da ta cikin wayar ba ko kaɗan.

"Wace ce wannan?" ta ce.

Monita ta zauna a ƙasa inda take, da jakarta a baya, ta fashe da kuka irin na ƙananan yara, baki a buɗe. Anti ta miƙa hannu ta riƙe hannun Tela, ta ce, "Wata ƙawata ce. Za ki gan ta." Tela ta dubi hannun da ke riƙe da nata, ba ta janye ba, ba ta kuma sake cewa komai ba ranar.

Shugaban makaranta ya samu uban a waya kafin yamma. Uban ya bar motar a hannun wani ya kamo hanya. Anti ce ta kwana da su, ni na koma gida. Da mutumin ya iso washegari, Anti ta gaya mini cewa ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga, yana ta maimaita cewa ai shekaranjiya ma ya ji muryarta, ta ce masa ya kula da hanya. Aka kai Tela asibiti, aka kwantar da ita. Ba a ɗaure ta ba, Anti ta kai Monita ta gani da idonta. Yayar Tela ta zo daga garinsu ta riƙe gidan. Ita ma ashe saƙonni ta riƙa samu, har tana cewa ƙanwarta ta yi ƙarfin hali.

Monita ta daina gaishe da Anti. Ta wuce tagar da safe kanta a miƙe, ta aiko ƙanenta idan akwai abin karɓa. Anti ba ta ce a yi mata faɗa ba. Ta ce yarinyar ta riƙe gida ita kaɗai, mu kuma mun zo mun karɓe mata, dole ta ji haushi. A aji kuwa, a karon farko, na ga Monita ta yi barci a kan teburinta, na hana a tashe ta.

Akwai abu ɗaya da ya rage wanda ba mu taɓa warwarewa ba. Da Anti ta zauna tana bin saƙonnin zangon ɗaya bayan ɗaya, ta tarar da wani da ba ta taɓa kunnawa ba, ya shige cikin tarin amsoshin ranar taron iyaye. Ya shigo da hantsi, lokacin da yaran biyu suke aji. Dogo ne. Babu dariya, babu keke. Shiru ne kawai da numfashi, sai can wajen ƙarshe wata murya tana rarrashi a hankali, "yi shiru, yi shiru, ga Mama," da ɗan sautin tafin hannu a kan wani abu mai laushi. Daga baya, da suka shirya, Anti ta tambayi Monita. Ta ce ba ita ta tura ba, ba ta ma san da shi ba. Tela kuwa ba ta tuna komai na waɗannan makonnin. Anti ba ta goge saƙon ba, ba ta kuma sake kunna shi ba. Ta ce abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne, duk cikin mutanen da ke wayar, makaranta matar ta turo wa.

An yi ranar raba kyaututtuka ba tare da kayan wasa ba, yara suka yafa zannuwan gado suka yi wasansu, iyaye suka yi ta tafi. An sallami Tela cikin dogon hutu. Ta samu sauƙi, tana magana, tana girki, amma ta sayar da keken, kuma muryar ta zauna a ƙasa. Uban ya nemi aikin tuƙi a cikin garin yayar Tela, suka tashi kafin a dawo sabuwar shekarar karatu. Ana gobe za su tafi Monita ta zo makaranta ita kaɗai, lokacin babu kowa sai Anti da mai gadi. Ta tsaya a taga, ta ce ta zo dawo da littafin laburare. Anti ta karɓa. Yarinyar ba ta tafi ba. Can ta ce, "Mama ta yi mini kitso," ta cire ɗankwali ta nuna. Layukan sun ɗan karkace. Anti ta ce ya yi kyau ƙwarai, ta fito ta raka ta har bakin titi.

Daga wannan shekarar Anti ta canza aiki. Duk uwa ko uban da aka kwana biyu saƙo kawai ake samu daga gare shi, sai ta kira, ta yi masa tambayar da ba ta da kai: me kuka ci jiya, an kawo muku wuta, wace riga yaron ya sa. Iyaye suka kai ƙara cewa tana cinye musu lokaci. Baban Gobe ya ce shi ba ɗalibi ba ne da za a riƙa yi masa jarrabawa. Shugaban makaranta ya ce zai yi mata magana, bai kuma taɓa yi ba.

Ta yi ritaya bayan 'yan shekaru, da gwiwarta ta ƙi. Yanzu tana wurin 'yar ƙanenta, a wani ɗaki mai taga kusa da titi, tana rainon jikoki. Ina zuwa gaishe ta lokacin hutu. Yarinyar da aka ɗauka a madadinta tana amsa wa iyaye da rubutu, cikin sauri, kowa yana yabawa. Na gaya wa Anti haka, ta gyaɗa kai, ta ce madalla, sannan ta ce in miƙo mata man zafi a kan taga.